Muryar Shata Bayan Ta Tsufa: Yadda Muka Saurare Ta

Lacca ce da aka gabatar a gaban malamai, ɗalibai da manoma a Ɗandume

  

An nemi in yi magana a kan faifan da mawaƙi ke yi bayan furfura ta cika masa kai, da irin tarbar da masu sharhi ke yi wa wannan faifai. A wannan yanki ba sai an je nesa neman misali ba. Alhaji Mamman Shata a Musawa aka haife shi a 1923, ya zauna a Bakori, sannan ya kafa gida a Funtuwa, nan kusa da mu. Da yawa a cikin ɗakin nan sun gan shi ido da ido a gidan biki, kalangai na tashi, 'yan amshi na karɓa.

Bari in fara da wani manomi daga Mali, saboda abin da aka yi masa shi ne ma'aunin da zan auna namu. Ali Farka Toure mawaƙi ne, amma ya fi so a kira shi manomi, kuma a 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunke. Yana fama da cutar daji a ƙashi ya shiga ɗaukar faifansa na ƙarshe mai ɗauke da sunansa shi kaɗai a Bamako, tare da kamfanin World Circuit na Landan. Ya rasu a watan Maris 2006, faifan mai suna Savane ya fito bayan 'yan watanni. Jaridun Ingila da Amurka suka yi ta rubutu a kansa, suna kwatanta muryarsa ta ƙarshe da ta ƙuruciya, suna bin kowace waƙa da sunan wanda ya kaɗa gurmi a cikinta. An san ranar ɗauka, an san wurin, an san makaɗa.

To, mu fa? Shata ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a asibitin Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Abin da ya rera a shekarunsa na ƙarshe yana nan warwatse a kaset-kaset na shaguna, da akwatunan gidajen rediyo da talabijin, da bidiyon bukukuwa. Yanzu an kwashe su an zuba a wayoyi da intanet, na saurayi da na dattijo a cakuɗe, ba shekara ba sunan gari.

Kada a ce ba mu da masu sharhi. Muna da su, sai dai ba a jarida suke zaune ba. Suna tashar mota, suna rumfar mai shayi, suna kan buhunan masara ranar kasuwar Ɗandume. Direban da ke jigila tsakanin Funtuwa da Zariya zai ji sautin kalangu na daƙiƙa kaɗan ya gaya maka wace waƙa ce ke tafe. Hukuncin da na sha ji daga bakin waɗannan mutane guda ne: Shata na da ya fi, murya ta dushe, numfashi ya gajarta. Ba ƙarya suka yi ba. Mutumin da ya haura saba'in ba zai ja baiti yadda ya ja shi yana ɗan arba'in ba. Inda nake jayayya da su shi ne tsayawar da suka yi a nan, kamar ƙarfin maƙogwaro ne kaɗai abin da Shata ya zo da shi.

Ku ɗauki waƙarsa Bakandamiya. Ba sau ɗaya ya rera ta ba, ya yi ta maimaita ta tsawon rayuwarsa, yana ƙari yana ragi. Wanda ya samu tsohuwar ɗauka da ta baya-baya ya jera su, zai ji kirari iri ɗaya yana fitowa da ma'ana biyu. A bakin mai ƙarfi, cika baki ne da barazana ga abokan hamayya. A bakin dattijon da ya binne iyayen gidansa da dama da abokan sana'arsa, ya koma shaida, ta mutumin da ya faɗi abu tun da wuri kuma ya rayu har ya ga tabbatarsa. A kunnena, dattijon ya fi barin fili ga kalangu da 'yan amshi, ya fi sanin inda zai yi shiru. Ɗanyar masara ta fi daɗi a gashi, amma wadda ta bushe a jikin kara ita ake ajiyewa iri.

Akwai dalilin da ya sa ɗakin ɗaukar murya bai taɓa zama gidan Shata ba. An san shi da rashin zama ya tsara waƙa a gida. A fage yake ƙirƙira, yana kallon wanda yake wa waƙa, yana jin motsin taro. Faifan garmaho kuwa minti uku ne ko kusa da haka a kowane gefe. Babban faifan da ya biyo baya, irin wanda kamfanin EMI ya buga masa, ya ba da wajen minti ashirin. Kaset ne ya sake shi ya wala, amma kaset ɗin ne kuma ya buɗe ƙofar kwafa ba izini, har mai shago ya fi mai waƙa cin riba. Kamfanin da ba ya ganin kuɗinsa na dawowa ba zai kashe dukiya ya zaunar da tsohon mawaƙi ya yi masa ɗauka ta tsanaki ba. Wannan rashi yana ci mini rai, domin hikimar ba ta bar mutumin ba har lokacin da ciwo ya kwantar da shi.

Masana sun yi nasu ƙoƙari. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Sai dai ku lura, nazarin 1975 ya riga mutuwarsa da shekara 24. Waɗannan shekaru, da suka haɗa da zamansa shugaban jam'iyyar SDP a Funtuwa, sun cancanci a zauna a saurari waƙoƙinsu a matsayin zango mai zaman kansa, a tambayi su wa ya waƙe, me ya daina faɗa, me ya ƙara.

Wannan aiki namu ne, mutanen Funtuwa da Ɗandume da Bakori da Malumfashi, saboda a gidajenmu kaset ɗin suke. Wanda aka yi bikinsa Shata ya zo, ya san shekarar. Wanda ya gaji akwatin kaset daga mahaifinsa, kada ya bar shi ga gara da zafin ɗaki. Ina roƙon malaman Hausa na makarantunmu su tura ɗalibai gida-gida da littafi da biro, a rubuta sunan waƙa, garin da aka yi ta, shekara, da sunayen makaɗan da suka raka shi. A fara da dattawan da suka halarci wasanninsa na bayan 1990, tun ana iya zama da su a yi hira.