Akwatunan Bakin Hanya Da Aikinsu

Yau za mu yi magana a kan waɗansu akwatuna da a ke kafawa a bakin manyan hanyoyin mota. Wani a kan dogon ƙarfe ya ke, wani a jikin gada. Sau da yawa ba rubutu a jikinsu, ba kuwa mai gadi. Direba ya wuce ya yi ta zato. To, zato zunubi ne. Bari mu duba yadda abin ya ke a Ingila, inda su ka yi yawa ƙwarai. Iri uku za mu ambata.

Na fari shi ne mai ƙidaya. A kan shimfiɗa baƙin bututun roba a gicciye bisa hanya. In taya ta taka shi, sai iska ta bugi akwatin, ya lissafa. Wannan bai san mai mota ba. Amfaninsa a san yawan motocin da ke bin hanyar, don a ga ko ta isa a faɗaɗa ta.

Na biyu shi ne mai auna gudu. Wani mutumin Holan, Maurice Gatsonides, shi ya shahara da ƙera shi. Shi kansa gwanin tseren mota ne, ya kuwa kafa kamfaninsa a 1958. A 1992 aka fara kafa irinsa a hanyoyin London. In mota ta wuce ƙa'ida, sai ya ɗauki hotonta sau biyu. A kan shafa masa rawayan fenti don direba ya hango shi daga nesa, ya rage gudu.

Na uku shi ne mai karanta lambar mota. Masanan 'yan sandan Ingila su ka ƙirƙiro shi a 1976. A 1981 aka fara kama ɓarawon mota da taimakonsa. Ga yadda ya ke aiki. Ya ɗauki hoton lamba, ya karanta baƙaƙe da alƙaluma ɗaya ɗaya, kamar yadda mu ke yi a aji. Sa'an nan ya rubuta wuri da rana da sa'a, ya aika wa babbar kwamfuta. Ita kuma ta duba ko motar ta sata ce, ko ba ta da inshora.

Da akwati biyu irin wannan a kan gane gudun mota. Ku yi lissafi. In tsakaninsu mil 10 ne, mota ta ci shi cikin minti 10, watau tana gudun mil 60 a awa. Ko direba ya taka birki a gaban akwatin, lissafi ya tona shi. Tun 2003 kuma da irinsa a ke gane motocin da su ka shiga tsakiyar London, don su biya kuɗin shiga. A Ikko ma an kafa su, a kan aika wa mai laifi labarin tararsa ta wayar hannu.

Amfaninsa a fili ya ke. Amma akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, akwatin nan ba ya zaɓe. Motar ɓarawo da ta mai gaskiya duk ya kan rubuta su. In aka haɗa rubutun wurare da yawa, sai a san inda mutum ya kwana, da kasuwar da ya ke ci, da asibitin da ya je. Don haka a Ingila aka yi ƙa'ida, shekara ɗaya 'yan sanda ke ajiye rubutun, sai a shafe, in ba ana bukatarsa don bincike ba.

Na biyu, lamba ya sani, bai san fuska ba. Mugu ya kan kwaikwayi lambar wani ya liƙa a tasa motar. Shi ya yi laifi, tara ta faɗa kan mai lambar. Haka kuma wanda ya sayar da mota bai sake suna a takarda ba, laifin mai saye zai biyo shi har gida.

To, ga abin da ya kamata mu yi. Kowa ya haddace lambar motarsa ko babur ɗinsa, ya rubuta ya ajiye. In kun sayar, ku je ofishin lasin a sake suna, ku riƙe takardar ciniki. In takardar tara ta zo, ku karanta rana da wuri, ku gani ko kuna can. Kada kowa ya fasa akwatin, gama dukiyar jama'a ce. Amma in an kafa shi a hanyarku, ku tambayi hukuma ta bakin dagaci ko kansila: wa ya kafa shi, me ya ke rubutawa, wa ke gani, kwana nawa a ke ajiyewa? Tambayar nan hakkinku ce. Mai tambaya ba ya ɓata.

Mu kwana nan. Sai wani jiƙon.