Me Zai Sa Mai Mota Ya Ajiye Motarsa a Gida?

Yau shirin namu zai duba wani tsari da masu tsara sufurin birane suka daɗe suna yi wa kirari, wato haɗa hanyoyin sufuri su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Abin da ake nufi shi ne mutum ya fito gida ya hau bas, ya sauka ya shiga jirgin ƙasa, ya ƙarasa da tasi ko keke, duk da kati ɗaya ko manhaja ɗaya a waya. Fatan shi ne mai mota ya ga sauƙin abin ya bar motarsa a gida, cunkoso ya ragu, hayaƙi ya ragu. Tsarin yana da kyau, sai dai ina ganin ana yawan fara shi daga inda ya kamata a ƙare. Abin da ke sa mutum ya canza yadda yake zirga-zirga shi ne tabbacin zai isa inda za shi a kan lokaci. Sauƙin biyan kuɗi a baya yake zuwa.

Mu ɗauki Helsinki, babban birnin Finland. A nan ne kamfanin MaaS Global ya fito da manhajar Whim, wadda ta haɗa bas da jirgin ƙasa da tasi da motar haya da keke a cikin kuɗin wata ɗaya. Duniya ta yi ta yabo, ana cewa zamanin mallakar mota ya kusa wucewa. A watan Maris na 2024 kamfanin ya durƙushe. Dalilan suna da yawa, har da koma-bayan annobar korona, amma akwai wanda ya fi su nauyi: kamfanin ba shi da bas ko layin dogo nasa, dillali ne tsakanin fasinja da masu abin hawa. Kuma yawancin abin da fasinja ke nema, hukumar sufurin birnin ta riga ta tanadar masa a tikitinta.

Wani zai ce to ai kuɗi ne matsalar, a sauƙaƙa farashi a ga aiki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman a wurinmu tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023. Amma Jamus ta gwada. Daga Yuni zuwa Agusta na 2022 ta sayar da tikitin wata a kan Yuro 9 kacal, wanda ake hawa bas da jiragen ƙasa na cikin gari da na yanki da shi a duk faɗin ƙasar. An sayar da kimanin miliyan 52. Talaka ya ji daɗi, jirage suka cika maƙil, amma kusan tafiya ɗaya cikin goma ce kawai ta maye gurbin tafiyar mota. Mazaunin ƙauyen da bas ba ya zuwa sai jefi-jefi, arha ba ta tsinana masa komai ba.

Inda aka ci nasara, daga titi aka fara. Curitiba a ƙasar Brazil ta keɓe wa bas hanyarsa tun 1974, ta gina tashoshin da ƙananan motoci ke kawo fasinja daga unguwanni, ya sauya mota ba tare da ya sake biya ba. Legas ma sai da ta fara da bas mai hanyarsa ta daban a 2008, kafin katin Cowry ya zo ya haɗa bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasan da ya fara ɗaukar fasinja a 2023.

Akwai kuma masu tsoron cewa irin wannan tsari zai raba 'yan adaidaita sahu da abincinsu. Tsoron yana kan hanya, domin a Kano su ne suka riƙe gari tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a 2013. Amma babban bas ba ya shiga lungu, kuma mace mai goyo da kaya ba za ta yi tafiyar rabin awa a rana kafin ta kai tasha ba. Wannan ɗan zangon tsakanin ƙofar gida da bakin titi aikin ɗan adaidaita ne, kuma idan ya lalace tafiyar gaba ɗaya ta lalace. Don haka da ƙungiyoyinsu ya kamata a zauna tun ranar farko.

Jama'a masu sauraro, duk ranar da hukuma ta zo muku da sabon kati ko sabuwar manhaja, ku tambaye ta minti nawa za ku jira bas, kuma wa zai kawo ku tasha.