Fim Mai Ƙaramin Jari da Matasan Gefen Gari



Lokacin da Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976, gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, domin aikin ya fi ƙarfin aljihun mutum guda. Amma da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sai ta tabbata cewa kyamarar bidiyo ɗaya da 'yan wasa masu haƙuri sun isa. A yau ma har wayar hannu tana yin aikin, YouTube kuwa ya maye gurbin masu sayar da kaset.

To, sauƙin ya samu, sai dai akwai wata illa da ta biyo shi. Mai shirya fim da ba shi da jari yakan ari gidan attajiri da motarsa na yini biyu, sannan ya tanƙwara labarinsa ya dace da kayan aron. Ta haka saurayin da ke cikin fim ya zama ɗan mai kuɗi, ba ya sana'a, ba abin da ke damunsa sai soyayya. Mai kallo kuwa, wanda ya biya kuɗin data da guminsa, da wannan ma'auni yake auna kansa.

A dubi Dutse. Kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, hedkwatar ƙaramar hukuma ce. Daga nan sakatariya da gidajen ma'aikata suka hau gonaki, a 2011 kuma Jami'ar Tarayya ta zo. Yaran da aka haifa a unguwanni irin su Takur da Fagoji sun tashi tsakanin zamani biyu: uba manomi, ɗa mai takardar digiri yana acaɓa kafin a buɗe ɗaukar aiki, ko yana dako a kasuwar Shuwarin yana tara kuɗin lefe. A nan ake gwada kunya, da biyayya ga iyaye, da riƙon amana, watau ainihin abin da ake kira tarbiyya, kuma kullum ake gwada su.

Irin wannan labari ba ya bukatar aron komai. Zauren gidan ƙasa yana nan, duwatsu da itatuwan dabino suna nan kyauta. Abin da ke cin lokaci shi ne rubutu, domin sai marubuci ya zauna a majalisar samarin ya ji yadda suke magana idan babu babba a kusa.