Wa Zai Riƙe Alli a Makarantunmu?



An nemi in yi magana kan ƙarancin malamai a makarantunmu na Goronyo, Wurno da Rabah. Kafin mu ɗora laifin kan gwamnati, mu dubi wannan zaure. Ga likitoci, ga lauyoyi, ga jami'an kwastan, ga mu ma'aikatan sakatariya. Mutum nawa ne cikinmu zai shiga aji da alli ranar Litinin? Ba sai an ɗaga hannu ba, mun san juna.

Da ba haka abin yake ba. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934 da aka naɗa shi hakimin Rabah. Alhaji Shehu Shagari ya yi koyarwa a Sakkwato da Argungu. Tafawa Balewa da Malam Aminu Kano duk malaman makaranta ne. A zamaninsu yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa shi ake turawa koyon aikin malanta. Yau sai wanda ya rasa gurbi a jami'a yake neman NCE, shi ma da niyyar tserewa in ƙofa ta buɗe.

Tun shirin UPE na 1976 aka yi ta buɗe makarantu fiye da yadda ake horar da malamai. An sake yunƙurawa da UBE, wanda aka ƙaddamar nan Sakkwato a 1999, kuma a 2015 jiharmu ta kafa dokar ta-ɓaci kan ilmi. An gina azuzuwa, ba musu. Amma gini ba ya koyar da lissafi. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a furamare, 40 a sakandare. Duk wanda ya leƙa makarantar ƙauyensu ya san inda muka tsaya. Sannan ga rashin tsaro. Bayan harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, da wane baki za ka ce wa baƙon malami ko ɗan bautar ƙasa ya zauna Taloka? Ɗan gari kaɗai ke zama, don nan gonarsa take, nan mahaifiyarsa take.

Akwai wani dalili bayan wannan. A Amurka, maza baƙar fata ba su wuce biyu cikin ɗari na malaman makarantun gwamnati ba. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya gano cewa yaro namiji baƙar fata, ɗan talakawa, in ya sami malami ko malama baƙar fata ko da sau ɗaya tsakanin aji uku da biyar, haɗarin ya bar makaranta yana raguwa da kashi 39 cikin ɗari. Mu launin fata ba shi ne damuwarmu ba, amma yaro yaro ne ko'ina. Ɗan shekara goma sha huɗu da ke tunanin barin aji ya koma aikin albasa ko acaɓa, in ya ga malaminsa ɗan unguwarsu ne, ya san ubansa, zai iya biyo shi har fadama, to zai sake shawara. 'Yan mata ma suna bukatar malamai mata, kuma ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye ba ta bukatar a koya mata wannan. Sai dai yau samarinmu nake yi wa magana, don su ne suka fi gudun alli.

Ban ga laifinsu duka ba. Albashin malamin furamare da ƙyar yake kai shi tsakiyar wata. Dokar 2022 da ta ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65 ta riƙe tsofaffi, ba ta jawo matasa ba. Mu kuma muna ƙara dagula lamarin. A ofishin da nake aiki, ba a mako ba a zo da takardar wani babba ana roƙon a cire wani daga aji a maido shi birni ba. Yawancin masu rubuta takardun nan tsofaffin ɗalibai ne irinmu.

Don haka ina roƙon ƙungiya ta amince da abu biyu. Mu daina rubuta irin waɗannan takardu. Sannan kowane rukunin shekara ya ɗauki nauyin yaro ɗaya daga Taloka, Wurno ko Rabah, shekara uku a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, a fannin lissafi, Turanci ko kimiyya, bisa yarjejeniya a gaban mahaifinsa da hakimi cewa zai dawo gida ya koyar aƙalla shekara biyar. Rukuninmu ya riga ya ba ma'aji kuɗin zangon farko, takardar tana kan teburinsa ga mai son sa hannu.