MATA, KU BA DA LABARINKU DA BAKINKU

Jawabin da wata 'yar'uwa ta yi wa taron mata 'yan kasuwa

Na gode muku da kuka bar rumfa a hannun yara kuka zo. Ba zan tsare ku ba, don na san ciniki ba ya jira.

Maganar da na zo da ita guda ce. So nake kowace mace a nan ta ba da labarin zamanta na duniya, a rubuta shi, a ajiye. Na san abin da za ku ce. Za ku ce, mu da ko bihim ba mu sani ba, ina mu ina littafi? To, ku saurara ku ji labarin wata tsohuwa.

Sunanta Baba, mutuniyar Karo. An haife ta wajen shekarar 1877, tun Turawa ba su ci ƙasar Hausa ba. Ba ta iya rubutu ba. A ƙarshen 1949 wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta biyo mijinta aikin bincike a ƙasar Zazzau, ta sadu da ita a Giwa. Suka zauna, Baba tana faɗa, Baturiya tana rubutawa da Hausa yadda maganar ta fito, har kimanin mako shida. Baba ta faɗi yadda mahara suke kama mutane su sayar, da yadda dangi suke tara kuɗi su fanso nasu. Ta faɗi rinjin gidansu da bayin da suke noma a ciki. Ta faɗi zuwan Nasara, da aurenta huɗu, da rashin haihuwarta, da 'ya'yan riƙon da aka ba ta, da ƙawance, da bori, da biki. Aka buga littafin a London cikin 1954. Baba kuwa ta rasu tun 1951, ba ta gan shi ba. Yau malamin jami'a da yake son sanin zaman matan Hausa na wancan zamani, ko a Zariya yake ko a Amurka, sai ya buɗe littafin tsohuwar nan da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Me ya sa? Domin sarakuna suna da masu rubuta musu tarihi, talaka kuwa ba shi da kowa, balle matarsa. Tarihin Kano yana jera sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Matan da ke ciki kaɗan ne, su ma na gidan sarauta. Wadda ta daka geron da mayaƙa suka yi guzuri da shi, babu wanda ya tambaye ta kome.

Amma akwai abin haushi cikin labarin Baba. Sai da baƙuwa ta ƙetaro teku kana aka saurare ta, kuma littafin ya fara fita da Turanci, harshen da Baba ba ta ji. Hausarta ta asali sai bayan shekaru masu yawa aka buga. Tsofaffi nawa irinta aka binne a Giwa da Zarewa da abin da ke bakinsu? Mun san sunan Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurin da ta sha, don an rubuta labarinta. Matan da suka bi ta taro da goyo a baya, tun kafin matan Arewa su sami damar jefa ƙuri'a cikin 1976, wa ya san sunayensu?

Kada wata ta ce ai lokaci ya wuce ta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure. Daga baya ta shiga makarantar manya, cikin 1987 ta fitar da littafinta Budurwar Zuciya, sa'an nan Alhaki Kwikwiyo, wanda har aka juya da Turanci cikin 2012. Abin da mata ke gani cikin gidaje shi ta rubuta, da Hausar da muke yi a tsakar gida.

Yanzu ga yadda za a yi. Wadda ta yi allo, ta rubuta da ajami, rubutu ne. Wadda ba ta yi ba, ai akwai waya. Wayar nan da kike aika saƙon murya a kawo miki kaya daga Dawanau, ita za ta ɗauki labarinki. Sa'an nan ki sa 'yarki ko jikarki 'yar makaranta ta kwafe a littafi. Sai dai ki kafa mata sharaɗi: kada ta gyara miki magana. In kin yi karin magana ta sa shi, in kin yi Sakkwatanci ko Katsinanci ta bar shi haka nan. 'Yan boko da son ƙawa, in ba ki tsaya ba sai su mayar da ke kamar mai karanta labaran rediyo.

Wata za ta ce ba ta san shekaru ba. Kin sani. An yi aurenki shekarar canjin kuɗi? To 1973 ke nan, da fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, shekarar da fari ya kashe dabbobi. Kin yi haihuwar fari da aka kashe Murtala? 1976. Kin gudu daga Kano lokacin Maitatsine? 1980. Ke faɗi abin da ya faru, yarinya ta sa lamba.

Kuma kada ki raina ƙananan abubuwa, su ne ma ake nema. Da nawa kika fara jari? Wa ya ba ki, ko adashi kika ɗauka? Nawa ne mudun gero sa'ad da kika fara, nawa ne kwalbar man gyaɗa? Yaya kika yi da masu karɓar kuɗin rumfa, yaya kika tashi bayan gobara? Mai ƙuli-ƙulin da ta shekara arba'in tana matsa mai ta san tarihin gyaɗa fiye da akawun da ya gan shi a takarda.

Saura maganar asiri, kuma gaskiya ce, ban raina ta ba. Akwai kishiya, akwai dangin miji, akwai 'ya'yan da za su karanta. Babu wanda ya ce ki tona kome. Ki sake sunaye, ki sake sunan unguwa. Abin da ba ki so a ji yanzu, ki ce a rufe sai bayan ranki. Littafin naki ne, kada ki miƙa shi ga wanda ya ce zai buga sai da shaidu, an kuma bar miki kwafi.

Wadda take da tsohuwa a gida, ta fara da ita kafin kanta, tun yau bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta. Ran kasuwa mai zuwa, in Allah ya kai mu, wadda ta samu ko shafi guda ta zo da shi, a karanta mana a nan in mai labarin ta yarda. Wassalam.