Jawabi kan tsimin mai a doguwar tafiya



Zancen yau na mota ne da man da take sha. Mai mota shi ke sayen isansi ko gazuwal, amma talaka shi ke biya. In mota ta sha mai da yawa, kuɗin fasinja ya hau, kuɗin ɗaukar buhun wake da na albasar Galmi su ma su hau. Tun shekarar 2011 ƙasarmu na tace mai a matatar SORAZ, kusa da Damagaram. Duk da haka mai ba kyauta ba ne.

Daga Yamai zuwa Damagaram, ta Doso, Ƙonni da Maraɗi, wajen kilomita 900 ne. A yi lissafi. Motar da ke shan lita 10 kowane kilomita 100 za ta sha lita 90. In direba ya maida shan lita 8, sai ta sha 72. Saura lita 18 ke nan a tafiya guda. Ta yaya ake samun wannan rangwame?

Na farko, gudu. Shi ne babban ɓarawon mai. Mota tana ture iska gabanta. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da iska ke tare ta da shi ya ninka huɗu. Direban da ya riƙe kilomita 80 ko 90 a awa, cikin babbar giya, ya fi mai 120 tsimi nesa ba kusa ba. Kada ya riƙa taka totur da ƙarfi, can kuma ya danna birki. In ya hango gari, ko garken shanu, ko rami, sai ya ɗaga ƙafa tun daga nesa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, taya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan mota baya, tana zafi, har ta kan fashe bisa gudron lokacin bazara. A auna iska da safe kafin tashi, tun taya na da sanyi.

Na uku, kaya. Lodin da aka tula bisa kan mota laifi biyu gare shi: ga nauyi, ga tare iska. A sa kaya masu nauyi ƙasa. Na sama a ɗaure su da kyau, kada su yi tsawo.

Na huɗu, gyara. Lokacin hunturu ƙura na toshe matacin iska na inji. Tsohuwar mota mai kafireto sai ta ƙara shan mai. Ta zamani kuwa ƙarfinta ke raguwa. Makaniki ya duba shi, ya duba buji, a yi bidanji kan lokaci. Man kwalba na bakin hanya wani sa'i da ruwa ko ƙasa a ciki. Arharsa na iya komawa tsada a gareji.

Na biyar, tsayawa. In an tsaya salla, ko cin abinci, ko jiran fasinja a tasha, a kashe inji. Motar da ke tsaye tana ƙara, mai take ci ba ta tafi ko'ina ba.

Akwai wata dabara mai kisa. Wasu direbobi na kashe inji a gangare, wai tsimi. A motoci da yawa, in inji ya mutu birki da sitiyari sai su yi tauri. Lita guda ba ta kai ran mutum ba. A bar mota cikin giya, inji na aiki.

Ga inda karatu ke da rana. Direba ko karen mota ya samu ɗan littafi. Ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita. In ya sake cikawa, ya rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa aka yi. Ranar da shan mai ya ƙaru ba dalili, littafin zai faɗa masa mota na son makaniki. Masu babur ma haka.

Fasinja kuma su daina zuga direba ya yi gudu. Wanda ya ji wannan jawabi ya kai shi tasha da kasuwa.

Allah ya sauke matafiya lafiya.