Yadda Jirgin Gawayi Ke Ja Da Baya

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutane ke kallonsa yana ja da baya a tasha, alhali ba shi da giya irin ta mota. To, ta yaya?

Sirrin yana ga bawul, wato 'yar ƙofar da ke sakin tururi. Tururi ne ke tura fistin, wato ƙarfen da ke kai da komo yana juya ƙafafu, sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta baya. Ɓangaren da ya fara samun tururi shi ke yanke inda ƙafa za ta juya.

A 1842, ma'aikatan kamfanin Robert Stephenson a Ingila suka ɗaura faifai biyu a kan gatarin ƙafafun, ɗaya na tafiya gaba, ɗaya na baya, suka haɗa sandunansu da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsaga wanda ke motsa bawul. Direba ya ja liba, ƙarfen ya hau ko ya sauka, bawul ya bi faifan da aka zaɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne tsakiyar tsagar: idan jirgi ya ɗauki gudu, direba kan matso da libar kusa da tsakiya, tururi ya yanke da wuri, ragowar ya kumbura ya ƙarasa turin. Gawayi ya yi auki ke nan.

An kuma ƙera injuna marasa fistin mai kai da komo, inda tururi ke juya dunƙulen ƙarfe kai tsaye. Juya akalarsu ba wuya, musanya mashiga da mafita kawai ake yi. Yoyon tururi ta gefen dunƙulen ne ya hana su karɓuwa.